Ku daina yi wa waɗanda suka dawo daga Jado dariya

Jiya da yamma a majalisarmu ta bakin masallaci wani ya sake jefa wa ƙanena maganar nan: "Alhajin Jado, ina zinariyar?" Aka kwashe da dariya. Shi dai ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Ni kuwa har yanzu abin yana cin raina.

A 2014 labari ya karaɗe ƙauyukanmu na Jigawa cewa zinariya ta ɓulla a Jado, can ƙuryar arewacin Nijar, wai a saman ƙasa ma tsintarta ake yi. Yaron nan ya sayar da shanun huɗarsa, suka haɗa kuɗi su huɗu suka sayi na'urar nan mai kuka in ta ji ƙarfe. Suka fita ta Maigatari, Damagaram, Agadas, har Dirku, a bayan Hilux, kowa ya rungume sandar da aka kafa tsakanin ƙafafunsa, don wanda ya faɗo a hamadar Tenere sai dai ta Allah.

Har gobe in yana ba da labari, ruwa yake fara ambata. Saye ake yi jarka-jarka, da tsada, a sha a yi girki, sallah kuwa sai taimama. Rana ta gasa ka, dare ya yi sanyi ya shiga ƙashi. Na'ura ta yi kuka, gabanka ya faɗi, ka yi ta sara da diga har tafin hannu ya fashe, ƙarshe ka tono tsohon gwangwani. Sun samu ƴan giram, ba ƙarya, amma mai ruwa da mai shinkafa da mai mota suka cinye. Ragowar ƴan fashi suka karɓe a hanya. A 2017 gwamnatin Nijar ta rufe wurin.

Ba kanmu farau ba. Da aka ga zinariya a Klondike ta Kanada a 1896, mutum wajen 100,000 suka kama hanya, ko rabinsu ba su isa ba.

To mene ne abin dariya? Ba caca ya je ba, ba sata ya je ba. Damina uku ce ta ƙi shi, ga iyali. Da a ce ya dawo da mota, ku ɗin nan ne za ku riƙa tashi kuna ba shi tabarma.

Bana da shanun haya ya yi huɗa, kuɗin ma sai kaka zai biya.