Ni da 'yar hannu a bikin Yelwa

Laifin Goggo ne. Ita ta ce tunda na iya waƙoƙin da, in tashi in yi wa amarya ko baiti ɗaya. Wunin bikin 'yar Kawu ne a Yelwa, nan Garwa, cikin zafin Afrilun nan da ko kare ba ya fita.

Akwai wani kaset da Baba ya sayo a Mubi tun 1986, har rubutun jikinsa ya goge. Mawaƙin na yabon budurwarsa cewa 'yar hannu ce, ta san harka, ya ba ta goro ta karɓa. A zamaninsu 'yar hannu gwana ce, mai iya dama fura da saƙar faifai. Harka sana'a ce. Goro kuwa toshi ne, in ta karɓa sai a turo manya.

Na karɓi makirfo, na gyara hula, har da lumshe ido. Na nuna amarya da yatsa, da yatsa fa, na ce 'yar hannu ce tun tana ƙarama, duk unguwa an shaida. Sai na ji wuri ya yi tsit. Na ɗauka daɗin murya ne ya kashe musu jiki, na ƙara ɗaga ta: ta san harka, ba a Garwa kaɗai ba, har Marwa! Ƙawayen amarya suka zube kan tabarma suna riƙe ciki. Uwar ango ta ja mayafi ta rufe baki tana salati. Ni kuwa na maimaita, don a kaset sau uku ake yi.

Ƙanwata ce ta jawo rigata. "Yaya, don Allah zauna. 'Yar hannu yanzu mai bin maza ce."

Amma wanda ban yafe wa ba shi ne yaron nan mai kayan sauti, mai rigar ƙungiyar ƙwallon Coton Sport. Ya san ma'anar sarai. Maimakon ya kashe makirfo, sai ya sa mata amsa-kuwa, kalmar ta dinga dawowa: harka, harka, harka. Yaron da nake bi sefa 2,000 tun azumin bara, kullum sai ya ce gobe, kuma ya sayi sabuwar waya, na gani da idona.

Goggo dai har yanzu cewa take waƙar ta yi daɗi. Ba ta ji sosai. Kawu bai amsa gaisuwata ba ranar Juma'a, ko da yake ƙila bai gan ni ba.