Layya ba cefanen shekara ba ce

Masu kirana tun jiya da daddare kuna cewa in goge abin da na rubuta a kan yadda aka yi da naman layya a gidanmu, ku huta, ba zan goge ba. Ban kama sunan kowa ba, wanda ya tsargu shi ya san abin da ya aikata. Kuma tunda an ce na tona asirin gida, to bari in ƙarasa maganar, don abin nan ba a gidanmu kaɗai yake faruwa ba.

Sa ɗaya da raguna biyu aka yanka a tsakar gidan nan. Mahauta uku aka ɗauko. Mu mata tun da aka sauko daga Idi muke tsugune muna wankin hanji da tumbi, hayaƙin babbakar kai da ƙafa yana cin idonmu. Washegari da hantsi aka sauke naman daga inda ya kwana a rataye, aka daddatsa. Sai ga manyan kuloli biyar an jero, an sayo ƙanƙara, ana ɗura nama a leda ana dannawa: cinya daban, haƙarƙari daban, tsoka zalla daban. Kafin la'asar an loda su a bayan mota. Abuja za a kai su, firiza na can tana jira.

Ana cikin lodin jikan Gwaggo ya shigo gaisuwar Sallah. Yaron bai wuce shekara tara ba, maraya ne. Aka ƙulla baƙar leda aka miƙa masa, aka ce ya kai wa kakarsa. Da yamma na je gaishe ta, a gabana ta kwance ledar. Huhu ne, da ƙasusuwa uku, da ɗan kitse. Mutum bakwai ne ke cin abinci a gidan nan. Ta duba, ta mayar ta ƙulle, ta ce, “Allah ya karɓi ibada, Allah ya maimaita mana.” Sannan ta juyo ta tambaye ni, “'Yar nan, mutanen Abuja sun samu tashi da wuri kuwa? Hanyar nan ba ta son dare.” Matar da ta goya Yayanmu, mai layyar, a bayanta lokacin da Inna take jego, ita ce take damuwa kada dare ya yi masa a hanya da kuloli biyar. Wallahi ban iya haɗa ido da ita ba.

Layya ba cefanen shekara ba ce. Duk wanda yake son ya cika firizarsa da nama, ga Wudil nan, ga Maigatari, ga Potiskum, ya bari Sallah ta wuce farashi ya sauka, ya sayi sansa ya yanka ya adana, babu mai tanka masa. Amma kada a kira wannan ibada, a ɗauki hoto da rago a watsa wa duniya, sannan ƙanwar uba ta samu huhu.

An ce mini ai kuɗinsa ne. Na ji. Ban ce na wani ne ba. Amma daga lokacin da ya ɗora wuƙa ya ce bismillahi Allahu akbar da niyyar layya, ai ya riga ya faɗi wanda ya yi wa yankan. Ku buɗe Suratul Hajji, aya ta 28 ta ce ku ci daga gare ta, ku ciyar da matalaucin da yake cikin matsi. Aya ta 36 ta ƙara da mabuƙaci mai kamun kai da wanda yake zuwa neman a ba shi. Mai kamun kan nan ita ce Gwaggo, wadda ko za ta kwana da yunwa ba za ta aiko da kwano ba. Aya ta 37 kuwa ta gama magana: namansu da jininsu ba sa isa ga Allah, taƙawa ce take isa.

Wani ɗan uwa ya turo mini dogon saƙo cewa Shari'a ta halatta ajiye naman layya, kuma rabawa ba wajibi ba ne. Malam, na sani, a islamiyya ɗaya muka yi karatu. Malamanmu na Malikiyya sun ce mutum ya ci ya yi sadaka shi ne mafi falala, ba su yanka wani kaso na dole ba. Amma me ya sa kullum rabin hadisin kuke kawowa? Shekarar da wasu mabuƙata suka kwararo Madina lokacin layya, Manzon Allah (SAW) ya hana a ajiye nama fiye da kwana uku. Daga baya ya bayyana cewa saboda mutanen nan ya hana, ya ce a ci, a ajiye, a yi sadaka. Wato da yunwa ta shigo gari, ajiyar ce aka fara dakatarwa. To ku leƙa layinku ku gaya mini ko yunwa ba ta shigo ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 akwai gidajen da awara da kan kifi suka zama namansu. Mafi ƙarancin albashi naira dubu 70 ne, kuɗin da ba ya sayen ragon kirki. Magidanta da yawa sun daina layya, wasu ko watanda ba su iya shiga ba bana. Akwai yaran da rabonsu da tsoka tun Sallar bara. A irin wannan lokaci ne za a zo mini da fatawar firiza?

Sai masu cewa ai ya raba, ban dai gani ba. Na gani. Cinya biyu aka ware tun farko aka naɗe a leda mai kyau, ɗaya ta wani babba ce a wurin aikinsa, ɗaya ta surukansa. Dukansu sun yanka nasu. Haka muke yi yanzu, nama yana zagayawa daga gidan mai sa zuwa gidan mai sa, kowa na biyan bashin kunya, talaka kuma sai ƙashi da abin da aka rasa yadda za a yi da shi. Har mai gadin da ya kwana yana tsaron dabbobin, da almajirin da ya kwashe tarosan, fata-fata ake tsinto musu. Layya ba cefanen shekara ba ce, kuma ba toshiyar baki ba ce.

Babanmu, Allah ya jiƙansa, rago ɗaya yake yankawa, wata shekarar ma tunkiya ce. Amma washegarin Sallah Inna takan shimfiɗa tabarma ta jera kwanuka, shi kuma yana zaune yana lissafo gidaje: gidan Gwaggo, gidan Kawu, gidan liman, gidan mai wanki, tsohuwar da ke bayan masallaci. Kowane kwano sai an sa masa tsoka, ba ya yarda a aika da ƙashi zalla. Mu yara mu yi ta zarya har azahar, muna dawowa da 'yan kwabban barka da Sallah. Abin da ya rage Inna ta soya ta zuba a tukunya da kitsensa, ta yi dambu, mu yi makonni muna ci. Ai mu ma muna ajiyewa, amma bayan an raba. A Yamai da Damagaram har yau a bakin titi ake kafa raguna a jikin itace kewaye da wuta, washegari yara su bazu da kwanuka gida-gida. Mu kuwa mun koma rufe ƙofa da neman ƙanƙara.

Yaya, idan kana karantawa, ba don in ci maka fuska na rubuta ba. Ina sonka, kuma na san kana da hannun kyauta a wasu wuraren. Amma Gwaggo ta tsufa, ba mu san Sallah nawa ta rage mata ba. Kula ɗaya a cikin biyar ɗin nan da ta isa yaran gidanta su san an yi Sallah.

Af, da na ambaci Inna na tuna. Ita ba ta taɓa bari a cinye wutsiyar rago da ƙafa ɗaya ba, takan rataye su a madafi hayaƙi ya busar da su har watan Muharram, a daren cika-ciki ta jefa a miyar kuka a yi tuwo mai yawa, kowa ya ci har ya ture. A watan ne kuma taubasai suke bin juna kuɗin shara. Na tambayi 'yata ɗazu ko ta san cika-ciki, ta ce ba ta taɓa ji ba. Akwai gidan da har yanzu ake ajiye wutsiyar nan kuwa? Ni dai na ɓoye tamu, tana can rataye a bayan ƙofar kicin.