Ja ba ado ba ne

Saura kwana huɗu bikin ƙanwata na bugi ƙirji na ce waƙar amarya a sitidiyona za a yi ta. Sitidiyon kuwa ɗakina ne a unguwar Bukoki ta Yamai: kwamfuta mai manhajar haɗa kiɗa FL Studio, makirfo ɗaya, da katifa jingine a bango.

Mawaƙin ya rera, mai kalangu ya buga, suka tafi. Na zauna haɗa sauti. Murya ta yi ƙasa, na ɗaga ta. Sai ta danne kalangu, na ɗaga shi. Ganga ta ɓace, ita ma na tura ta sama. Kamar kishiyoyi a tsakar gida, kowa sai ta fi 'yar uwarta murya, ni kuma maigidan da ba ya iya tsawatarwa. Kafin la'asar mitar babban layi, inda duk sautukan ke haɗuwa, ta wuce 0 ta kafe a ja. Wallahi daɗi na ji, a zatona alamar ƙarfi ce.

Da dare na kai wa 'yan fadarmu, ana tsakiyar shayi na biyu. Lasifika ta fara "ƙarrr-ƙarrr" kamar ana suyar fara. Wani ya ce ko dai gwangwanin tumatir aka ba mawaƙin ya yi waƙa a ciki. Na rantse lasifikarsu ce ta fashe. Aka saka wata waƙar, tas!

Washegari na nufi Yantala wurin wani tsohon hannu. Ya dubi allon, ya dube ni.

"Ƙanena, gobara kake haɗawa ko waƙa?"

Ya sauke komai. Kowane layi ya bar shi yana yawo wajen -18 a mita, can ƙasa da 0, kololuwar babban layi kuma kusa da -6. Ya ce 0 rufin ɗaki ne, abin da ya taɓa shi kansa ake yankewa. In ƙara nake so, in murɗa lasifikata, in ƙyale waƙa ta yi numfashi. Nan take kalangu ya dawo da bakinsa.

Muryar ce ta ƙi. Ashe tun wajen ɗauka na ƙure wa makirfo, a yanke ta shiga.

"Yaya, babu dabara?"

"Akwai. Kira mawaƙinka."

Na kira. Yana Tawa, kuma ya ce kuɗin mota zuwa da dawowa a kaina, har da na kilishin hanya.