Albasa ba ta yi halin ruwa ba

Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Ba zan kama suna ba, mai kaza a aljihu shi ne ba ya jimirin as.

Akwai wani bawan Allah a nan Garwa ta Kamaru da ya mai da Facebook mumbarinsa. Kullum da asuba sai ya ɗora hotonsa riƙe da carbi, ya rubuta wai amana ta ƙare a duniya. Jama'a na ta "Allah ya saka, Alhaji". Na haɗiye, na sake haɗiyewa. Sai shekaranjiya wajen ɗaurin aure a Yelwa ya buɗe baki gaban mutane ya ce akwai gidajen da rashin dabara ya kashe musu kasuwa, ya kuwa juyo ya dubi inda nake zaune.

To, wanda ya manta damunar 2012, ni ban manta ba. Shekarar da kogin Binuwai ya tumbatsa, aka buɗe ƙofofin madatsar Lagdo, ruwa ya ci gonaki da gidaje tun daga nan har cikin Najeriya. Wani dare bayan isha'i aka yi sallama a ƙofarmu. Ni na fita da fitila. Saurayi ne, laka har gwiwa, takalmi ƙafa ɗaya a hannu, haƙora na haɗuwa don sanyi. Baba bai tambaye shi ɗan gidan wa ba ne. Cewa ya yi, "Shimfiɗa masa a zaure, ka ce wa Inna ta ɗumama tuwo." Rigar da ya kwana da ita a daren nan tawa ce.

Shekara uku akushinmu ɗaya. Baba ya kama hannunsa ya nuna masa sana'a: yadda ake danna wuyan albasa da babban yatsa a gane wadda za ta jure ajiya, yadda ake sayenta da rani lokacin da ta yi arha, a baza a rumfa inda iska ke ratsawa, a riƙa juyawa ana tsince mai ruɓa har damuna ta yi nisa kuɗinta ya tashi. Duk Lahadi tare suke zuwa kasuwar Pitowa, Baba na ce wa dillalai, "Wannan ɗana ne."

Ranar da aka yi lodin mota guda zuwa Duwala, shi aka damƙa wa. Ya dawo yana hawaye, wai mota ta mutu a hawan dutsen nan kafin Ngaundere, ruwan sama ya sauka a kan kaya, duk sun ruɓe. Baba ne ma ya riƙa lallashinsa. Ba a yi wata shida ba sai ga shago, sai ga sabon babur. Daga baya yaron motar ya rantse mini ko faci ba su yi ba a tafiyar nan.

Na so mu kai ƙara. Baba ya ce a bari. Bai ƙara ambaton maganar ba har Allah ya karɓi abinsa.

Na san Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce kalmar "da", irin ta "da na yi kaza", tana buɗe aikin Shaiɗan, ina kuma neman tsari. Amma zuciya ba ta da ƙashi. Nakan kwanta in yi ta juyawa: da wannan halin ya shigo zaurenmu, ko kuwa a Duwala ya tsiro masa sa'ad da ya ga damin sefa a hannu babu mai kallo? Ni dai na fi yarda cewa mutumin kirki ne ya yi mana sallama. Sanyin da yake ji gaskiya ne, godiyarsa ma gaskiya ce. Ƙaryar farko ce ta wuce lami lafiya, ya ga ba a kama shi ba, sai ya zaci ba a gani ba.

Ga abin da bai sani ba, yau zai karanta. Kafin motar nan ta tashi Baba ya kira ni ɗaki, ya ce in yaron nan ya dawo lafiya za a yanka masa jari daga ribar, a kama masa rumfa kusa da tamu. Har maganar aure ya fara yi masa a dangi. Abin da aka bi dare aka ɗauka, da rana tsaka za a miƙa shi, da albarka a kai.

Kuɗin albasa tuni na yafe. Abin da na kasa yafewa ya faru ne damunar bara. Ana tsuga ruwa aka yi sallama cikin dare, ɗana ya miƙe ya ce, "Baba, in buɗe?" Sai na ji na yi shiru. Ni, ɗan mutumin da bai taɓa tambayar baƙo asalinsa ba, na tsaya ina lissafi. Na buɗe daga baya, amma yaron ya riga ya ga shirun nan.

Littafin Baba na nan a akwati. A shafin ƙarshe akwai suna da ajami, gabansa an rubuta "jarinsa". Mai sunan ya san hanyar zauren.