Hangen Dutsen Fuji haƙƙin mutanen gari ne

A watan Yunin 2024 kamfanin gine-gine na Sekisui House ya ba da sanarwar zai rushe wani bene mai hawa 10 da ya kusa gamawa a garin Kunitachi, yamma da tsakiyar Tokyo, babban birnin Japan. Saura 'yan makonni a miƙa wa masu saye makullansu. Ginin bai taka doka ba, bango bai tsage ba. Abin da ya jawo masa rusau shi ne ya tare kusan rabin Dutsen Fuji ga wanda ya tsaya a titin Fujimi, inda mutanen garin suka saba ganin dutsen tsaye a ƙarshen titi. Kamfanin da bakinsa ya ce bai auna yadda ginin zai ɓata hangen ba.

A ganina kamfanin ya yi abin da ya dace, duk da ya makara. Na san akwai masu cewa wannan almubazzaranci ne: ga tsadar muhalli a Tokyo, ga mutanen da suka sa rai da gida, a ce duk an watsar saboda kallon dutse? Maganarsu tana da nauyi. Sai dai hangen nan dukiya ce da mutanen unguwa suka yi tarayya a kanta tun kafin mai fili ya sayi filinsa. Fuji mai tsayin mita 3,776 yana da nisan kusan kilomita 100 daga Tokyo, amma da safiyar lokacin sanyi, idan gari ya washe, sai ka gan shi da farar ƙanƙara a ka kamar a bayan unguwa yake. Tsohuwa mai zuwa cefane tana ganinsa, ɗan makaranta yana ganinsa, ba wanda ya biya ko sisi. Da benen ya tsaya, da wannan rabo ya koma hannun 'yan tsirarun da tagoginsu ke sama, su ma da kuɗi suka saya.

An riga an ga yadda ake asarar. A unguwar Nippori akwai wata gangara da ta yi suna wajen hangen Fuji daga cikin birnin Tokyo. A 2013, shekarar da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa dutsen cikin kayan tarihin duniya, wani sabon bene ya rufe hangen, koken mazauna bai hana komai ba.

Masu gini ba su kaɗai ke ƙwace wa gari dutsensa ba. A garin Fujikawaguchiko, wanda ke gindin dutsen, hoton Fuji a saman rufin wani shagon Lawson ya karaɗe intanet, baƙi suka yi ta tururuwa. Suna tsallaka titi ba kan gado, suna zubar da shara, suna cika harabar wani asibitin haƙori da ke tsallake. A watan Mayun 2024 hukumar garin ta kafa baƙar raga mai tsawon mita 20 da tsayin mita 2.5 don toshe hangen. Ba a jima ba aka fara huda ragar daidai girman idon kyamara. A watan Agusta aka sauke ta saboda guguwar da ke tafe.

Ina tausaya wa mutanen garin, domin tura ce ta kai bango. Amma ragar ta hana ɗan gari abin da ta hana baƙo, alhali baƙon da ya yi rashin ɗa'a ne ya kamata ya ji a jikinsa, ta hanyar cin tara da sa masu gadi a bakin titi.

Abin da ya faru a Kunitachi ma bai kamata ya zama abin dogaro ba, tunda kamfanin ra'ayin kansa ya bi, wani kamfanin gobe zai iya yin kunnen uwar shegu, doka kuma tana bayansa. Aikin na hukumomin tsara gari ne. Su tantance titunan da ake hango dutsen daga cikinsu, su ƙayyade tsayin gini a kan layin, su saurari mazauna tun ginin yana kan takarda. Da an yi haka a Kunitachi, da benen ya tsaya a hawan da bai tare kowa ba, masu saye kuma sun tare a gidajensu.