Ƙudan Bandaki a Firij ɗin Uwargida

Shekara tara ina koyar da ilimin halittu a Agege, amma ƙudan da bai kai ƙwayar shinkafa ba ya kwance min zani a kasuwa.

Maƙwabcina, wani Alhaji mai tumatir a kasuwar Mil 12, ya turo min hoto ta WhatsApp: ɗan ɗigo mai gashi a bangon bandaki, dishi-dishi, ba abin da za a gwada girmansa da shi. Ban tsaya wata-wata ba na ce, "Alhaji, ƙudan yashi ne, mai kawo gyambon lishmaniya." Kafin la'asar ya kwashe iyali zuwa Idi-Araba, ya yi wa gida wanka da fiya-fiya.

Da dare sai zuciyata ta ƙi kwanciya. Ƙudan yashi da ƙudan magudana 'yan gida ɗaya ne, dangin Psychodidae, duk gashi buzu-buzu. Fiffike ke raba gardama: na yashi yana ɗaga nasa sama kamar harafin V, ga dogayen ƙafafu, shi kuwa na magudana shimfiɗa su yake, faffaɗa, kamar zanen zuciya. Hoton Alhaji ko ɗaya bai nuna ba.

Washegari na kamo uku a robar zobo. Ƙa'idar ɗaukar hoton irin waɗannan ƙwari ita ce a sa su a firij minti biyar zuwa goma, ba firiza ba, sanyi ya kashe musu jiki. Sannan a ajiye tsinken ashana a gefe don awo, a maƙala wa waya ƙaramin gilashin ƙara girma, a ɗauka ta sama, ta gefe, da ta fuska. Abin da na manta, tun asuba aka ɗauke wuta. Ina buɗe murfi biyu suka tashi garau, ɗaya ya sauka a hancina. Na ukun da ya tsaya, fiffike a shimfiɗe, kusan milimita 4. Na magudana ne, ko cizo ba ya yi.

Feshi manya kawai yake kashewa. Tsutsar tana cikin yauƙin bututu, kuma cikin mako biyu zuwa uku sababbi sun fito, sai an kankare da buroshi an bi da tafasasshen ruwa.

Ina cikin tsara yadda zan fuskanci Alhaji sai uwargida ta leƙo, robar a hannunta.

"Malam, me ka sa a nan? Na riga na zuba wa baƙi."