Binne hayaƙi a ƙasa, to ina ruwan rijiyarmu?

Na karanta wani labari da ke cewa ana kama iskar kabon daga bututun masana'antu, a matse ta, a tura ta ƙarƙashin ƙasa. Da farko na ɗauka tatsuniya ce, ashe tun 1996 ƙasar Norway ke yi a filin gas na Sleipner, a shekarun farko kusan tan miliyan ɗaya a shekara, cikin dutsen yashi a ƙarƙashin teku. Na Aisland ne ma ya fi burge ni: su kan gauraya iskar da ruwa su tura cikin baƙin dutse, cikin shekara biyu ta daskare ta zama dutse. Wannan kam ba ta da hanyar fitowa.

Amma malam marubuci, ba ka taɓo tsoron da ke raina ba. A 1986 irin wannan iska ta taso daga tafkin Nyos a Kamaru, ta kashe mutum sama da 1,700, da yawa suna barci. Na san can ba mutum ne ya binne ta ba, kuma masana sun ce wadda ake binnewa ana kai ta zurfin da ya wuce mita 800, ƙasa da inda burtsatse ke kaiwa. Sai dai wa zai riƙa duba ramin bayan shekara hamsin?

Ni a Sharaɗa nake ɗinki. Da an ɗauke wuta, janareta goma ne ke tashi a layinmu, farar shadda kan yi dishi-dishi kafin la'asar. Wannan hayaƙin ba shi da bututu ɗaya da za a tare, balle a kai shi rami.